Idan Foldar Sirri Ta Ƙi Buɗewa: Abin da Ya Kamata a Bincika Kafin a Goge Kwamfuta

Duk wanda ya taɓa bi ta gadar Ijora da sassafe ya san yadda tireloli da tankokin mai ke jeruwa suna jiran shiga tashar jiragen ruwa ta Apapa. Da yawa daga cikin direbobin da yaran mota da dillalan dako 'yan Arewa ne. Wasu a nan Ijora suke kwana, wasu kuma sammako suke yi daga Agege, Idi-Araba ko Mile 12. Tun daga watan Fabrairun 2021, lokacin da Hukumar Kula da Tashoshin Jiragen Ruwa ta Najeriya ta ɓullo da tsarin Eto na kiran motoci ta intanet, aka kuma yi amfani da filin Lilypond da ke Ijora a matsayin zangon da manyan motoci ke jira kafin a ba su izinin wucewa, sana'ar dako ta ƙara dogara da kwamfuta da wayar hannu.

A ƙananan ofisoshin dillalai, da shagunan buga takardu, da wajen masu sayar da daskararren kifi a Ijora Olopa, kwamfuta ta gaji tsohon littafin lissafi. A cikinta ake adana hotunan lasisin direbobi, takardun mota, lambobin asusun banki, da jerin sunayen waɗanda ake bi bashi. Masu lura daga cikinsu sukan zuba irin waɗannan bayanai a folda mai kulle na sirri, wadda ke buɗewa da kanta da zarar mai ita ya shiga kwamfutar da kalmar sirrinsa. Hakan dabara ce mai kyau, musamman a wurin da ake iya sace kwamfuta ko a manta ta a mota. Sai dai akwai ranar da mutum zai shiga kamar kullum, ya tarar foldar wayam, ko kwamfutar ta ce ba shi da izinin buɗe takardun da shi da kansa ya rubuta.

A ɗauka wani dillali ne ya manta kalmar sirrinsa ranar Asabar. Ya kai kwamfutar wajen mai gyara, aka sa masa sabuwa cikin minti goma, ya biya ya dawo yana murna. Ranar Litinin motoci uku na jiran takardu, ya shiga da sabuwar kalmar lafiya lau, amma foldar da ke ɗauke da komai ta ƙi buɗewa. A irin wannan hali, mafi yawan lokuta bayanan suna nan daram a kan faifan ajiya, ba abin da ya taɓa su. Abin da ya tsinke shi ne igiyar da ke tsakanin kalmar shiga da ainihin mabuɗin. Babbar asara kuwa takan auku ne a sa'ar da ta biyo baya, lokacin da gaggawa ta sa aka goge kwamfutar aka sake loda mata babbar manhaja.

Yadda kullen yake aiki

Sirranta bayanai shi ne a jirkita su da lissafi ta yadda za su zama tarkacen alamomi marasa ma'ana ga duk wanda ba shi da mabuɗi. Tsarin da aka fi amfani da shi a yau shi ne AES, wanda masana biyu 'yan ƙasar Beljiyam, Joan Daemen da Vincent Rijmen, suka ƙirƙira, kuma Amurka ta amince da shi a matsayin ma'auni a shekarar 2001. Mabuɗinsa doguwar lamba ce da kwamfuta ke zaɓa da ka, wadda ba a sa ran ɗan Adam ya haddace.

Saboda haka ake yin kulle biyu. A kwatanta da ɗan kasuwa mai akwatin ƙarfe na ajiyar kuɗi. Makullin akwatin ba ya yawo da shi a aljihu, sai ya sa shi cikin ƙaramin gwangwani ya danna masa kwaɗo. Kwaɗon nan kuwa an yi shi ne yadda makullin ƙofar shago zai buɗe shi. Kullum da safe makulli ɗaya ke buɗe ƙofa, ya buɗe gwangwani, a ɗauko makullin akwati. To idan makullin ƙofa ya ɓace, kafinta ya zo ya ɓalle kubar ya sa sabuwa, mai shago zai shiga shagonsa, amma sabon makullin ba zai buɗe kwaɗon gwangwani ba.

Haka lamarin yake a kwamfuta. Kalmar sirrin da mutum ke rubutawa ayyuka biyu take yi a lokaci guda: tana shaida wa kwamfuta cewa shi ne, tana kuma kwance naɗin da aka yi wa ainihin mabuɗin. Daga nan sai manhaja ta ɗauki mabuɗin ta ɗora foldar a mazauninta, yadda takardun za su bayyana a karance. Wannan ɗorawar ita ce kwamfuta ke kira mount a saƙonnin da take nunawa. Idan ɗaya daga cikin matakan nan uku ya ci tura, wato karɓar kalma, kwance mabuɗi, ko ɗora folda, sai a ga wuri wayam.

Masu wayar hannu sun riga sun san wannan ko da ba su lura ba. Duk lokacin da aka kashe waya aka kunna, zanen yatsa ba ya aiki sai an fara shigar da lambobin sirri. Dalili shi ne lambobin ne ke kwance mabuɗin bayanan mai wayar. Tun daga Android 7 na shekarar 2016 aka raba ajiyar waya gida biyu, shi ya sa ƙararrawar tashi daga barci ke iya kaɗawa alhali hotuna da saƙonni suna kulle.

Tambaya ta farko: me ya canza?

Folda ba ta ƙin buɗewa haka kawai. Kafin a taɓa komai, mai kwamfuta ya zauna ya tuna abin da ya faru tsakanin ranar ƙarshe da ta buɗe da yau, ya kuma ɗauki hoton saƙon da ke kan allo da wayarsa, domin kalmomin saƙon su ne za su shiryar da mai gyara.

Abu na farko da za a tambaya shi ne ko an taɓa kalmar sirri, kuma ta wace hanya. Akwai bambanci mai girma tsakanin mutum ya sauya kalmarsa da kansa, ta hanyar shigar da tsohuwa sannan sabuwa, da kuma wani ya tilasta sabuwa daga asusun mai gudanarwa ko da manhajar fasa ƙofa. A hanya ta farko kwamfuta na amfani da tsohuwar kalmar ta kwance mabuɗin, ta sake naɗe shi da sabuwa. A hanya ta biyu ba ta samu tsohuwar ba, don haka mabuɗin na nan a naɗe da kalmar da aka yi watsi da ita. Wannan ne ya sami dillalin da aka buga misali da shi.

Na biyu, ko an sauya yadda ake shiga. Wasu don gudun ɓata lokaci sukan saita kwamfuta ta riƙa wucewa kai tsaye ba tare da tambayar kalmar sirri ba. A tsarin da ya dogara da kalmar wajen kwance mabuɗi, rashin rubuta ta na nufin ba abin da zai buɗe gwangwanin.

Na uku, ko an sabunta babbar manhaja ko an sake loda ta. Wannan ya ƙara yawa tun da kamfanin Microsoft ya tsayar da ranar 14 ga Oktoban 2025 a matsayin ƙarshen tallafin da yake bai wa Windows 10, abin da ya sa mutane da dama ke komawa Windows 11 ko Linux.

Na huɗu, ko an taɓa kayan cikin na'urar: an canza babban allonta, an cire faifan ajiya an sa a wata kwamfutar, ko an shiga saitunan BIOS. Ko ɗan batirin nan mai kama da kwabo da ke riƙe agogon kwamfuta idan ya mutu, saitunan kan iya komawa yadda suka fito daga masana'anta, kuma hakan kaɗai kan isa ya sa kulle ya ƙi saki. Tsofaffin kwamfutocin da ake shigowa da su daga ƙasashen waje sun fi fama da wannan.

Na biyar, ko wuta ta ɗauke ana tsakiyar aiki, ko an fizge faifan waje ba tare da an sallame shi ba. A unguwannin da ake yawan sauyawa tsakanin wutar gwamnati da janareta, kwamfutar tebur da ba ta da na'urar riƙe wuta tana cikin wannan haɗari kullum.

Amsar waɗannan tambayoyi ita ke nuna inda za a dosa. Daga nan sai a gano wane irin kulle ne, domin kowanne da maganinsa.

Kullen fayil na Windows

Tun daga Windows 2000 akwai tsarin da ake kira EFS, wanda ke kulle folda guda ko fayil guda. Alamarsa ita ce ɗan hoton kwaɗo a kusurwar fayil, a tsofaffin Windows kuma sunan fayil kan fito da koren launi. Idan igiyarsa ta tsinke, ana ganin sunayen takardun, amma da an danna sai kwamfuta ta ce an hana izini.

Mabuɗin EFS yana zaune ne cikin bayanan asusun mai shi, a naɗe da kalmar sirrinsa. Shi ya sa Windows da kanta ke gargaɗin mai gudanarwa, idan zai tilasta wa wani asusu sabuwar kalma, cewa mai asusun zai iya rasa fayilolinsa na sirri. Magani mafi sauƙi shi ne a mayar da tsohuwar kalmar daidai yadda take, da manyan baƙaƙe da ƙanana, a fita a sake shiga. Don haka ƙoƙarin tuno tsohuwar kalma ya fi duk wata manhajar gyara amfani. A gwada waɗanda aka saba amfani da su a natse, a kuma duba ko maɓallin manyan baƙaƙe na kunne, ko harshen allon rubutu ya sauya daga na Amurka zuwa na Ingila, domin wasu alamomi kan sauya gurbi tsakanin biyun.

Hanya ta biyu ita ce kwafin takardar shaidar mabuɗin, ɗan ƙaramin fayil da sunansa ke ƙarewa da pfx, idan an taɓa fitar da shi. Ana fitar da shi ne da umarnin cipher /x tun lokacin da komai ke lafiya. Wanda ke da wannan fayil da kalmar da ya kulle shi da ita zai iya buɗe takardunsa ko a wata kwamfutar.

Abin da ba ya aiki shi ne a sake loda Windows a buɗe sabon asusu da suna iri ɗaya da kalma iri ɗaya. Sabon asusu sabon mabuɗi ne. Idan an riga an loda sabuwar Windows a kan tsohuwa, a duba ko akwai folda mai suna Windows.old, a kwafe ta gaba ɗaya zuwa wani faifai nan take, domin tsohon mabuɗin na iya kasancewa a ciki, kuma bayan ɗaukaka manhaja Windows kan share wannan folda da kanta cikin kwana 10.

BitLocker da lambobi 48

BitLocker, wanda ya zo da Windows Vista, faifai sukutum yake kullewa. A yawancin kwamfutocin zamani mabuɗinsa na hannun wani ɗan guntun tsaro da ke jikin babban allo, mai suna TPM. Duk lokacin da aka kunna na'ura, guntun nan na auna ko komai na nan yadda ya san shi. Idan ya ga sauyi, sai ya riƙe mabuɗin, shuɗin allo ya fito yana neman lambobin ceto guda 48, waɗanda aka kasa gida takwas, shida-shida.

Mutane da yawa ba su ma san kwamfutarsu na kulle ba sai ranar da suka ga wannan allo, domin sababbin na'urori kan kunna kullen da kansu idan aka shiga da asusun Microsoft, kuma fitowar Windows 11 ta ƙarshen 2024 ta faɗaɗa yawan na'urorin da hakan ke shafa. Wuri na farko da za a nema shi ne cikin wannan asusun: a shiga shafinsa ta waya, a duba sashen na'urori. Idan ɗa ko ƙane ko mai shago ne ya saita kwamfutar da nasa adireshin imel, to lambobin na cikin asusunsa. Idan ta ma'aikata ce, suna wajen sashen kwamfuta na ma'aikatar. Shuɗin allon na nuna wata lambar shaida, wadda za a gwada da ta jikin mabuɗin don a tabbatar shi ne nasa. Kamfanin Microsoft ya sha bayyana cewa ba zai iya ƙirƙiro mabuɗin da ya ɓata ba.

Duniya ta ga muhimmancin waɗannan lambobi ranar 19 ga Yulin 2024, lokacin da wani sabuntawa mai kuskure daga kamfanin tsaro na CrowdStrike ya durƙusar da na'urorin Windows kimanin miliyan 8.5, bisa ƙiyasin Microsoft. Jiragen sama sun kasa tashi, bankuna da asibitoci sun tsaya. Gyaran kansa bai wuce goge fayil guda ba, amma a kwamfutocin da ke da BitLocker sai da lambobin ceto ake kaiwa ga fayil ɗin, kuma ma'aikatun da ba su san inda nasu suke ba sun fi daɗewa a durƙushe.

Akwai kuma faifai na biyu ko na waje da aka saita ya riƙa buɗewa da kansa. Izinin wannan buɗewa a cikin babban faifan Windows ake adana shi, don haka yakan tafi idan aka sake loda manhaja. Nan gyaran ba wuya: a buɗe faifan da kalmarsa ko lambobin cetonsa, a sake kunna buɗewa da kai a saitunan BitLocker. Umarnin manage-bde -status na nuna halin da kowane faifai ke ciki.

Masu amfani da Linux

Ɗalibai da masu tsofaffin kwamfutoci da dama sun koma Ubuntu ko Linux Mint saboda kyauta ne. A nan tsarin da ya fi shahara wajen kulle foldar gida shi ne eCryptfs, wanda ya shiga cikin Linux a 2006. Ubuntu ta daina bayar da shi a matakin loda manhaja tun fitowarta ta Afrilun 2018, ta karkata ga kulle faifai gaba ɗaya, amma Linux Mint ta ci gaba da bayar da zaɓin, kuma tsofaffin na'urori da yawa na ɗauke da shi.

Alamar matsalarsa a bayyane take. Mutum zai shiga ya tarar foldar gidansa ba komai sai fayil biyu, ɗaya mai suna README.txt, ɗayan kuma Access-Your-Private-Data.desktop. Takardunsa na nan a wata ɓoyayyiyar folda mai suna .Private, da dogayen sunaye marasa ma'ana da ke farawa da ECRYPTFS. Wanda bai sani ba zai iya ɗaukar su shara ya goge, alhali su ne dukiyar.

Matakin farko shi ne a buɗe tagar umarni a rubuta ecryptfs-mount-private. Za ta nemi kalmar shiga. Idan an tilasta sabuwar kalma a kwanan nan, tsohuwar za a ba ta. Idan foldar ta buɗe, an gano cutar ke nan, sai a yi amfani da ecryptfs-rewrap-passphrase a sake naɗe mabuɗin da sabuwar kalma, yadda gobe za ta buɗe da kanta.

Idan kuwa kalmar yanzu ce ta buɗe ta da hannu, amma ba ta buɗewa lokacin shiga, to matsalar na wajen mai miƙa saƙo ne. A duba ko an kunna shiga kai tsaye ko shiga da zanen yatsa, a kashe. Haka nan wanda ke shiga daga nesa da mabuɗin SSH bai rubuta kalmar sirri ba, don haka foldar ba za ta buɗe masa ba. A duba cikin foldar .ecryptfs ko ɗan fayil mai suna auto-mount na nan, domin kasancewarsa ce ke ba da umarnin ɗorawa. Sannan a tabbatar kunshin ecryptfs-utils bai fita ba lokacin ɗaukaka manhaja, kuma tsarin tantance masu shiga, wato PAM, na kiran sa har yanzu. Umarnin pam-auth-update na nuna jerin abubuwan da ke kunne, a nan ake mayar da shi.

Idan kwamfutar ba ta tashi sam, ana iya tayar da ita da filas mai ɗauke da Linux, a yi amfani da ecryptfs-recover-private, wanda ke lalubo foldar ya buɗe ta don karantawa kawai, a kwashe takardun. Shi ma zai nemi ɗaya daga cikin biyu: kalmar shigar da aka naɗe mabuɗin da ita, ko ainihin mabuɗin mai alamomi 32.

VeraCrypt da kwamfutocin Apple

VeraCrypt manhaja ce ta kyauta da ta fito a 2013, ta kuma gaji TrueCrypt wadda aka daina kula da ita a watan Mayun 2014. Tana yin rumbu na sirri da ke bayyana kamar ƙarin faifai mai nasa harafin. Idan rumbun da aka saita ya riƙa ɗoruwa lokacin shiga ya daina, sau da yawa dalilin ƙarami ne: wani filas ya riga shi kama harafin, ko an matsar da fayil ɗin rumbun, ko an sauya masa suna, ko faifan waje bai gama tashi ba. A ɗora shi da hannu, a cire shi daga jerin zaɓaɓɓu, a sake sa shi.

Wanda ya haɗa kalmar sirri da fayil na mabuɗi, kamar hoto ko sauti, ya sani cewa sauyi komai ƙanƙantarsa a farkon fayil ɗin na lalata shi. Hoton da aka tura ta WhatsApp aka sake saukewa yawanci an matse shi, ya tashi daga mabuɗi. Idan kuma kan rumbun ne ya lalace sakamakon ɗaukewar wuta, manhajar na ajiye kwafinsa a ƙarshen rumbun, kuma akwai zaɓin mayar da shi. Masu tsofaffin rumbunan TrueCrypt su lura cewa fitowar VeraCrypt ta 1.26 a 2023 ta daina buɗe su, sai an nemi wadda ta gabace ta.

A kwamfutocin Apple, kalmomin buɗe faifai na sirri na zaune a wata ma'ajiya mai suna Keychain, wadda ita ma kalmar shiga ke buɗewa. Idan aka tilasta sabuwar kalma, ma'ajiyar kan ci gaba da neman tsohuwa. FileVault kuwa, mai kulle faifai gaba ɗaya, yana da nasa mabuɗin ceto mai alamomi 24.

Abubuwan da ba a yi

Hausawa na cewa garin neman gira a kan rasa ido. Idan aka jona faifai mai kulle a kwamfutar da ba ta gane shi ba, Windows kan fito da saƙo cewa sai an yi masa fomat kafin a yi amfani da shi. Amsar ita ce a'a, ko da yaushe. Kada a sake loda babbar manhaja. Kada a goge tsohon asusu don an buɗe sabo. Kada a share guntun TPM daga saitunan BIOS. Kada a saki manhajojin share shara ko na gyaran faifai a kan abin da bai buɗe ba tukuna.

Wanda zai kai wa mai gyara, ko a Ijora ne ko a kasuwar Computer Village da ke Ikeja, ya faɗa masa tun daga bakin ƙofa cewa akwai bayanai masu kulle a ciki, kuma su ake so, ba kwamfutar kawai ba. Ƙwararren mai gyara zai fara ne da ɗaukar cikakken kwafin faifan zuwa wani, ya yi gwaje-gwajensa a kan kwafin. Wanda ya yi alkawarin fasa kullen ba tare da kalma ko mabuɗi ba, a yi hattara da shi. Abin da ake iya yi kawai shi ne gwada kalmomi masu yawa, kuma hakan na cin nasara ne idan kalmar gajera ce ko mai ita ya tuna wani ɓangare nata.

Wajibi ne kuma a bambance wannan matsala da harin masu garkuwa da bayanai. Idan sunayen fayiloli sun sauya, an liƙa musu baƙuwar jela, ga kuma wasiƙa ana neman kuɗin fansa, to ɓarayi ne suka sa nasu kullen. A cire kwamfutar daga intanet da sauran na'urorin ofis nan take, a kai rahoto ga hukuma. Tawagar ngCERT da ke ƙarƙashin ofishin Mai Bai wa Shugaban Ƙasa Shawara kan Harkokin Tsaro na karɓar irin waɗannan rahotanni.

Abin da doka ta ce

Wani zai iya cewa tunda kulle na jawo irin wannan wahala, gara a bar shi. Dokar Kare Bayanan Jama'a ta Najeriya, wadda Shugaba Bola Ahmed Tinubu ya sanya wa hannu a watan Yunin 2023, ta ɗora wa masu riƙe bayanan mutane alhakin kare su, ta kuma ambaci sirrantawa cikin matakan da ake ɗauka. Dokar ta kuma ambaci samun hanyar dawo da bayanai a kan kari idan wata matsala ta auku. Dillalin da ke riƙe da lasisin direbobi da lambobin asusunsu amana ce a hannunsa ta fuska biyu: kada ta faɗa hannun ɓarawo, kada kuma ta salwanta ta hanyar ɓatan mabuɗi.

Ba a fafe gora ranar tafiya

Duk hanyoyin ceto da aka lissafa sun dogara da abu ɗaya, wanda ake tanada tun kafin matsala. Mai BitLocker ya fitar da lambobinsa 48 yau, mai EFS ya fitar da fayil ɗin pfx, mai eCryptfs ya rubuta ecryptfs-unwrap-passphrase ya kwafe alamomin da za su fito, mai VeraCrypt ya adana kwafin kan rumbunsa. Hatta mai WhatsApp da ya kunna kullen kwafin hirarrakinsa, tsarin da aka fara a 2021, yana da kalma ko mabuɗi mai alamomi 64 da kamfanin ba zai iya dawo masa da shi ba.

A rubuta a takarda da biro, a karanta a sake gwadawa, a ajiye a wurin da ba jakar kwamfutar ba. A yankin da ruwa kan shiga gidaje da damina kamar Ijora Badia, a sa takardar cikin leda a ɗaga ta sama, a kuma ajiye kwafi na biyu a wani gidan. Kada a adana mabuɗin cikin foldar da shi ne ke buɗe ta.

Sannan a yi tunanin ranar da mai riƙe da kalmar ba ya nan. A ofisoshi da yawa yaro ɗaya ne ya san komai na kwamfuta. Idan ya tafi gida Kano ko Sakkwato hutun Sallah, ko ya bar aiki, ko ta Allah ta kasance, lissafin shekaru na iya kullewa har abada, magada su rasa sanin wa ake bi, wa ke bi. Ya kamata maigida ya riƙe kwafin mabuɗin a rufaffiyar ambulan, wani amintacce guda ya san inda take.

Wanda zai sayi kwamfuta ta hannu ya sa a goge ta a gabansa, a saita ta da asusunsa na kansa, ya karɓi lambobin cetonta kafin ya bar shagon. Wanda zai sauya kalmar sirri ya yi da kansa daga cikin asusunsa, ya kashe kwamfutar ya kunna, ya tabbatar foldar ta buɗe kafin ya manta tsohuwar. A ƙarshen kowane mako kuma a kwafe muhimman takardu zuwa faifai na biyu mai nasa kullen, a riƙa gwada buɗe shi lokaci-lokaci don a tabbatar yana aiki.